Abin da Ke Cikin Jarkar Ilu

Ilu bai koyi shan giya a Dutsin-Ma ba, kada ma wani ya ɗora wa garin alhakin da ba nasa ba. A hanya ya koyo ta. Sana'arsa rakiyar shanu. In an loda tirela a kara, kasuwar shanu, shi ke hawa can saman katako da sandarsa da igiya, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, yana tayar da duk saniyar da ta kwanta kada sauran su tattake ta, har a sauke a Kudu. Shekara tara yana wannan wahala.

A shekararsa ta biyu motarsu ta lalace a wani ƙauye gaba da Kontagora, suka yi kwana huɗu suna jiran makanike. Zaman banza da zafin rana suka ja shi gindin wata ɗorawa, inda wata mata ke zaune da tulu, maza sun kewaye ta kowa da ƙoƙonsa. Ya san ko mene ne, babu wanda ya yaudare shi. Cewa ya yi bari dai ya ɗanɗana, ya ji abin da ke sa manyan mutane dariya haka da tsakar rana. To, ɗanɗanawar ke nan.

Daga nan Ilu ya zama gwani, in har wannan ma gwaninta ce. Duk inda mota ta tsaya, abokan tafiya na neman mai tuwo, shi yana bin hayaƙin dahuwar dawa. Ya san burkutun jar dawa mai kauri, wanda ƙoƙo biyu ke ƙosar da mutum kamar ya sha fura. Ya san pito, tatacce, mai shiga a hankali. Can ƙasar Yarabawa ya san bammi, na safe mai zaƙi, na yamma mai cizon harshe. Ogogoro sau ɗaya ya gwada, ya wuni yana amai tsakanin ƙafafun shanu, ya ce shi da ita har abada. Ta kwalba kuwa raina ta yake yi, wai ga tsada ga kumbura ciki, alhali ta tulu kuɗin goro ma ya ishe ka.

Amma duk wannan a hanya ne. Da mota ta juyo gida ta iso Funtuwa, Ilu ya daina. Zai wanke baki, ya tauna kanumfari, ya bi da goro, ya shigo ƙauyensu na yankin Dabawa a matsayin ɗan Malam Sada, ya tsaya a sahun farko. Malam Sada ya kusa tamanin. Rabin mazan ƙauyen a gabansa suka koyi Fatiha, kuma tun tasowarsa bai san wata hanya ba sai ta zaure da ta masallaci da ta gona. Yakan ce wa baƙi, "Ilu dai bai yi nisa a karatu ba, amma tun da na haife shi bai taɓa jawo mani magana ba." Wannan maganar ita ce abin da Ilu ya fi tsoro a duniya. Wuta ma, Allah ya shirye shi, ba ya tuna ta kamar yadda yake tuna fuskar tsohon nan. Ya rantse wa kansa ko zai mutu Malam ba zai sani ba.

Sai ga shekarar nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, aka dakatar da lodin shanu, aka hana sayar da fetur a jarka, aka ɗauke sabis na waya. Ilu ya zauna gida wata biyu cur. Ba tafiya, ba tulu. Ya rame, ya zama mafaɗaci, matarsa Bilkisu ta rasa laifin da ta yi masa. Ana nan wani abokin rakiyarsa ya raɗa masa cewa akwai wata tsohuwar Bamagujiya da rikici ya koro, ta rakuɓe a wata bukka bayan Kurfi, tana dafa tulu ɗaya tak duk ranar kasuwa.

Ranar kasuwar Kurfi, tun da sassafe ya buga babur ya ce za shi duba farashin awaki. Bai ko kalli akuya ba. Ya sami tsohuwar tana tsiyaya wa wasu mutum uku da ba su yarda sun haɗa ido da shi ba. Ya karɓi ƙoƙo, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Iya, wannan hannun ba na yau ba ne," ya ce. "Jar dawa ce, kuma tsiron bai wuce kwana uku ba."

Tsohuwar ta yi dariya, bakin ba haƙori. "Ashe ɗan gari ne. Ni da na ga hula da carbi na zaci kamu aka zo."

Ya sha na biyu, ya sha na uku. Shekara tara yana yawon ƙasa, ashe wanda ya fi duka daɗi na nan kusa da gida. Daɗin nan ne ya ja masa. Ya ce ta cika masa jarka, ya ɓoye a bukkar gona ya riƙa lallaɓawa. Ta cika, ta miƙa masa, ta ce, "Kada ka ɗaure murfin tam. Abin nan bai gama nuna ba, in ka toshe shi kumbura zai yi." Ilu ya ce to. Yana fita ya sa leda ya murɗe murfin iya ƙarfinsa don kada wari ya fito, ya cusa jarkar a buhu, ya ɗaure a bayan babur.

Rana ta take sa'ad da ya iso mararrabar da ake ratsewa daga titin Dutsin-Ma zuwa ƙauyensu. Nan 'yan sa-kai na ƙauyen ke gicciya itace, kullum mutum huɗu ko biyar, ka ɗaga musu hannu ka wuce. Yau mutane sun fi hamsin, kuma ba mai magana. Ƙafafunsu duk jar ƙasa. Da Ilu na cikin hayyacinsa sosai da ya gane daga maƙabarta suke. Da hantsi 'yan bindiga a kan babura suka tarar da Manu, ƙanin Talha mai yankan nama, yana yankan gero a gonarsa, suka harbe shi. Ba waya, Ilu bai ji ba. Kuma tun a bakin kabari magana ɗaya ake yi: baburan nan ba da ruwa suke tafiya ba, akwai mai kai musu mai, kuma a cikinmu yake.

Ya'u, shugaban 'yan sa-kai, ya ɗaga hannu. Sa'an Ilu ne, tare suka yi karatu a zauren Malam.

"Ɗan Malam, daga ina?"

"Kasuwa."

"Mi ka ɗauko?" Ya dafa buhun, ya ji jarka, ya ji ta cika ta yi tauri.

Ilu ya dubi jama'a. Ga liman. Ga wan Bilkisu. Ga maƙwabcinsu da ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. In aka kwance buhun nan, kafin la'asar Malam ya ji. Ya tuna makon jiya an kama wani da fetur a nan, Ya'u ya zage shi ya sake shi. Ƙoƙo ukun da ya sha suka ba shi shawara, ya ɗauka.

"Fetur ne," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ɗan kaɗan ne, ka yi haƙuri."

Wayyo Ilu. Da ya ce kan mutum ne da ya fi masa sauƙi.

Bai ga daga inda gorar ta fito ba. A ƙeya ta same shi, ya kife shi da babur. Kafin ya ɗago Talha ya hau ruwan cikinsa, ƙaton mutum, rigarsa har yanzu da jinin ƙaninsa, ya shaƙe shi da hannu ɗaya yana kirɓa masa naushi da ɗayan.

"Kai ne! Ashe kai ne! Infoma, ɗan gidan malamai!"

Sai kowa ya rufa. Wanda ya zo da sanda ya sa sanda, wanda ba shi da komai ya sa ƙafa. Wani ya sauke masa gindin bindigar toka a baki, Ilu ya ji haƙoransa na gaba sun zube a kan harshensa, ya tofar da su tare da jini. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, gora ta sauka a damtsen, ya ji ƙas, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ya yi ƙara irin wadda bai san yana da ita ba. Mutanen da ya yi sallar asuba da su ne ke dukansa, yana gane muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

Da ƙyar Ya'u ya ture mutane, ya harba bindiga sama. Ya durƙusa, ya kama wuyan rigar Ilu, ya yi ƙasa da murya.

"Ilu, don girman Allah taimaki kanka. Wa ya aike ka? Ina za ka kai shi?"

"Na... babur ɗina ne."

"Tankinka cike yake, na duba. Lita goma, a buhu, a ɓoye, ranar da aka kashe Manu? Faɗa mani gaskiya ko in samu abin da zan kare ka da shi."

Kalma biyu ce. A buɗe jarka a shinshina, shi ke nan, ya tsira. Ilu ya buɗe baki, idonsa ɗaya da bai kumbura ba ya sauka a kan liman. Ya yi tunani, in har wannan tunani ne: in aka kashe shi a kan fetur, Malam zai ce an zalunci ɗansa, zai wanke shi da hannunsa, ya yi masa salla, ya ci gaba da faɗa wa baƙi maganar nan tasa. In kuwa aka buɗe jarka, Malam zai rayu da abin, shi ma zai rayu yana kallon Malam. Tsoro ya cika shi har fitsari ya zubo masa, amma bai canza magana ba.

"Fetur ne," ya ce.

Ya'u ya sake shi, ya miƙe, ya juya baya.

Suka ja shi a ƙasa da ƙafa har tsakiyar hanya, tsakuwa na yage masa baya. Aka ɗaure shi da igiyar da ya ɗaure buhun. Wani ya gangaro da tsohuwar taya daga wajen mai faci, aka zura masa a wuya. Talha ya zaro jarkar daga buhu, ta kumbura ta yi tim saboda rana.

"Da man da kake kai musu za ka tafi," ya ce.

Sai ga ƙarar babur. Wan Bilkisu ne ya sulale tun farkon dukan, ya ɗauko Malam Sada. Tsohon ya sauko da ƙyar, farar riga, farin rawani, takalmi ƙafa ɗaya. Jama'a suka dare. Ya tako har gaban abin da ke kwance a hanya, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa kafin ya gane ɗansa ne.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ilyasu?"

Ya juya ga mutane. "Talha, na yi maka ta'aziyya ɗazu, ina kuma yi maka. Ni na yi wa Manu salla. Amma yaron nan nawa ne, na san shi ciki da waje. Wallahi Ilyasu bai taɓa ɓoye mani komai ba. Ku kai shi ga hukuma a bincika. In ya yi, ni zan fara tsine masa."

"Allah gafarta Malam, da bakinsa ya faɗa," in ji wani.

"Ilyasu, fetur ne?"

Ilu ya gyaɗa kai, tayar na gugar haɓarsa.

"Kun ji!" Talha ya daka tsawa. "Malam, matsa!" Mutum biyu suka riƙe tsohon suka ja shi baya yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, yana haɗa su da Allah. Talha ya murɗe murfin. Murfin ya yi tsalle, abin ciki ya yi tsiri da kumfa, ya juye shi a kan Ilu tun daga kai har ƙirji, ya jefar da jarkar, ya zaro ashana.

Bai ƙyasta ba. Abin da ke gangarowa a fuskar Ilu ja ne, mai kauri, da kumfa da ɗan tsaki-tsakin dawa. Wari mai tsami ya tashi ya cika wurin.

Ka ga, abin da ya faru a nan sai wanda ya san mutanenmu zai gane. A cikin hamsin ɗin nan, aƙalla ashirin sun san warin tun shaƙar farko: wanda ya yi ci-rani, wanda ya yi dako a Kudu, wanda ya yi aikin titi. Ya'u kansa ya yi shekara biyu yana gadi a Abuja. Amma wa zai buɗe baki a gaban Malam da liman ya ce ya san warin burkutu? A ina ka san shi? Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafar ɗan'uwansa.

Malam Sada ya fizge jikinsa, ya durƙusa, ya rungumo kan ɗansa a ƙirji, farar rigar ta jiƙe sharkaf da jini da abin. Ya shafa da yatsa, ya kai kusa da idonsa, ya shinshina. Shekara kusan tamanin, bai taɓa jin wannan warin ba.

"Wannan ai ba fetur ba ne. Ya'u, mi ne ne wannan?"

Ya'u ya dubi Ilu, Ilu ya dube shi da ido ɗaya.

"Kunu ne, Allah gafarta Malam," ya ce. "Kunun dawa. Rana ce ta sa ya yi tsami."

"Kunu ne," in ji wani daga baya. "Lalle kunu ne," in ji wani. Har da masu gyaɗa kai.

Daɗi ya kama Ilu, da karyayyen hannu da fasasshen baki, daɗin da bai taɓa ji ba. Ya tsira da ransa, kuma Malam bai sani ba. Ya fara kuka.

"A kan kunu?" Malam ya ɗaga murya. "A kan kunu kuka yi wa ɗana haka? Kai kuma don mi ka ce fetur ne?"

"Tsoro ne, Malam," in ji Ya'u da sauri. "Ya ruɗe ne."

Amma Talha bai yi ci-rani ba, bai taɓa wuce Katsina ba, kuma ƙaninsa na cikin ƙasa tun ɗazu. Ashanar na hannunsa har yanzu.

"Ƙarya ne! Wa ke ɓoye kunu a buhu? Wa ke yarda a kashe shi a kan kunu? Na ji ana dama masu ƙwaya a ciki a kai masu daji, su sha su zo su kashe mu. In kunu ne na Allah da Annabi, ya sha mu gani! In ba haka ba wallahi ga mai a babur ɗinsa, zan tsiyaya!"

Wasu suka fara guna-guni suna mara masa baya. Malam ya dubi bakin ɗansa, leɓe a tsage, jini na dalala.

"Da wane bakin zai sha?" ya ce. Ya lallaɓa ya ajiye kan Ilu, ya miƙe, ya ɗauki jarkar da ke yashe. Ya girgiza ta, akwai saura a gindi. "Abin da ɗana ya ɗauko ba zai cuci kowa ba. Ni zan sha, ku gani, ku bar mani yarona."

Ilu ya dubi Ya'u. Ya'u ya kau da kai. Ilu ya dubi liman, ya dubi sauran da suka ce kunu ne. Ba wanda ya motsa. Mutum ashirin sun sani, suna tsaye, za su bar tsohon da ya koya musu alwala ya kai abin nan bakinsa, don kada a ce su ma sun sani. Maƙurwa ɗaya ce, Malam zai yamutsa fuska ya ce kunun ya lalace, Talha ya yi shiru, magana ta mutu har abada. Abin da Ilu ya ba da haƙoransa da hannunsa a kai ke nan, ga shi an miƙo masa.

Malam ya tallabi jarkar da hannu biyu. "Bismillahir Rahmanir..."

"Baba!"

Ihun ya fito da jini. Ilu ya yunƙura da taya a wuya, ya faɗi, ya ja jiki.

"Baba kada ka sha! Giya ce! Burkutu ne, Baba, ni na saya, ni ke sha! Na shekara bakwai ina sha!"

Jarkar ta tsaya a daidai gemun Malam. Sannan ya sauke ta a hankali, ya ajiye a ƙasa, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi gaban rigarsa. Talha ya saki ashana ta faɗi, ya zauna a gefen hanya ya rufe fuska yana kiran sunan Manu.

"Ya'u," in ji Malam, a hankali. "Ka sani?"

Ya'u ya sunkuyar da kai.

"Ku da kuka ce kunu ne, kun sani?" Ya bi su da kallo, kowa ya ga ƙasa ta fi kyau. "Kuna tsaye. Duk cikinku shi kaɗai ya hana ni."

Ya warware rawaninsa, ya tuɓe babbar rigar da ta jiƙe, ya yar a kan hanya. Ba wanda ya taɓa ganin Malam Sada ba riga. Ashe ɗan ƙaramin tsoho ne, 'yar shara a jikinsa, ƙasusuwan kafaɗa a waje. Wan Bilkisu ya turo babur, Malam ya girgiza kai, ya kama hanyar gida a ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya.

"Baba," Ilu ya kira. "Baba, ka yafe mani. Baba!"

Tsohon ya tsaya, amma bai waiwayo ba.

"Ku cire masa tayar nan," ya ce. "Ku kai shi asibiti Dutsin-Ma."

Ya ci gaba da tafiya.